Maganin Ɗaukewar Al'ada: Shekaru Tamanin Tsakanin Zumuɗi da Fargaba

A shekarar 1942 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani magani mai suna Premarin, wanda kamfanin Ayerst ya samar daga fitsarin goɗiya mai ciki. Aikinsa shi ne maye gurbin sinadarin istrojin da ke raguwa a jikin mace idan al'adarta ta ɗauke, raguwar da kan jawo zafin jiki mai tasowa kwatsam, da gumin dare, da rashin barci, da raunin ƙashi. Da farko likitoci sun ɗauke shi maganin waɗannan larurori kawai.

Al'amarin ya sauya a 1966, lokacin da wani likitan mata a birnin New York, Robert Wilson, ya wallafa littafinsa Feminine Forever. Wilson ya bayyana ɗaukewar al'ada a matsayin cutar ƙarancin sinadari, ya kuma yi wa mata alƙawarin ɗorewar ƙuruciya muddin suka ci gaba da shan istrojin. Gidauniyarsa tana samun tallafin kuɗi daga kamfanonin magunguna, abin da yawancin masu karatunsa ba su sani ba. Kasuwar maganin ta bunƙasa.

A 1975 bincike biyu da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine suka nuna cewa shan istrojin shi kaɗai na ƙara haɗarin sankarar mahaifa. Ciniki ya ja baya, har aka gano cewa haɗa shi da sinadarin furojestin na kare mahaifar. Daga nan maganin ya sake farfaɗowa da sabon alƙawari, wato kare zuciya. Zuwa 2001, kimanin mata miliyan 15 ne ke shan sa a Amurka, kuma Premarin da danginsa suna kawo wa kamfanin Wyeth kusan dala biliyan 2 a shekara.

Alƙawarin kare zuciya ya dogara ne kan lura da matan da suka zaɓi shan maganin da kansu, waɗanda galibi masu hali ne kuma masu kula da lafiyarsu tun asali. Domin tantance gaskiya, cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta ƙaddamar da shirin Women's Health Initiative a 1991. An raba mata 16,608 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu na shan haɗin istrojin da furojestin, wasu na shan ƙwayar da babu magani a cikinta. A watan Yulin 2002 aka dakatar da gwajin tun kafin wa'adinsa, saboda an ga ƙarin sankarar mama, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da daskarewar jini.

Jaridu sun yi ta yayata cewa haɗarin sankarar mama ya ƙaru da kashi 26 cikin 100. Adadin daidai ne, sai dai ma'anarsa ita ce ƙarin mata 8 cikin kowace 10,000 a shekara. Haka kuma matsakaicin shekarun matan da aka gwada 63 ne, yawancinsu sun daɗe da wuce lokacin da zafin jiki ke addabar mace. Miliyoyin mata suka watsar da maganin, likitoci suka daina rubuta shi, har ga mai shekara 50 da ta kasa runtsawa da dare. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Sake nazarin bayanan ya nuna cewa ga mace mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko wadda ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, amfanin maganin yakan rinjayi haɗarinsa idan alamomin sun tsananta. Wadda ta taɓa yin sankarar mama ko daskarewar jini hukuncinta daban ne.

Da buƙata ta dawo, sai batun kuɗi ya taso. Ingila ta yi fama da ƙarancin wasu nau'o'in maganin a 2022, sannan a Afrilun 2023 gwamnati ta fito da takardar biyan fam 19.30 sau ɗaya a shekara, maimakon biya duk lokacin karɓar magani. A Amurka kuwa, farashin ya danganta da irin inshorar da mace take da ita.

Kuskuren Wilson da na 2002 tushensu ɗaya: an yanke wa dukkan mata hukunci guda. Tambayoyin da likitan kirki ke yi a yau su ne shekarun mace, da tarihin lafiyarta, da tsananin abin da ke damunta, da kuma ko za ta iya biyan kuɗin maganin wata bayan wata.