Daga Gizago Zuwa Injin Juyi: Sassaƙa da Alƙalami a Bakin Dajin Rugu

A gidajen masassaƙa na yammacin Katsina, tun daga Yasore har Runka da sauran ƙauyukan da ke bin gefen Dajin Rugu, ba a taɓa lissafa alƙalami cikin kayan sana'a ba. Turmi da taɓarya, akushi, ƙotar fartanya, kujerar tsakar gida da allo, su ne ake ɗora wa jaki a nufi kasuwar Batsari. Alƙalami kuwa kowane gardi shi ke feƙe abinsa. Ya samo sillen kara ko gamba da ta bushe, ya yanki kamar taƙi guda, ya feƙe bakin da aska, ya tsaga shi kaɗan don tawada ta sami hanyar sauka. In ya dakushe a sake feƙewa, in ya gajarce a yar. A gidan sassaƙa na tashi, ban kuwa taɓa jin wanda ya zo wurin mahaifina neman alƙalami ba.

Rabonmu a harkar karatu allo ne, kuma allo na aduwa ne. Dalili kuwa, naman aduwa a matse yake, fari, ba ya shan tawada ya baje ta, ga shi yana jure wanki kullum. Akan tsaga gungumen, a fitar da fallaye, a bi kowanne da gizago har ya kwanta, sannan a fitar da kai da ƙafafu, a goge fuskar har tafin hannu ya daina jin kaushi. Allon kotso ƙarami ne, mara nauyi. Allon zayyana na sauka kuwa, shi ake zaɓa wa itace mara ƙulli ko ɗaya. Ana yawan ba da tarihin ilimin Katsina: hasumiyar Gobarau, zuwan Shehu Magili a shekarun 1490, Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17. Duk malamin da ƙasar nan ta haifa a kan allo ya fara, amma tarihi bai riƙe sunan masassaƙi ko ɗaya ba. Mu ma ba mu damu ba, tunda an biya mu.

Ilimin sana'ar rabinsa sanin itace ne. Ƙirya ta turmi da taɓarya ce, saboda tauri da nauyi, ga gara ba ta cika kusantarta ba. Danya ta akushi ce, don tana da sauƙin rarakewa. Marke na ƙota ne. Kanya da madobiya kuwa sai aikin da ake so ya jima ya kuma yi kyau. Dattawanmu ba su yarda a sare itace yau a gama shi gobe ba. A fitar da siffa, a jingine a inuwa, a bar shi ya sha iska, in ba haka ba hunturu na shigowa ya tsage. Zagayen turmi kuwa da ido ake fitar da shi. Masassaƙi ya kafa gungume tsakanin ƙafafunsa, ya sara, ya juya shi da hannu, ya ja da baya ya duba, ya sake sara. Babu ma'auni sai ido da tafin hannu, amma ka kife turmin gwani a ƙasa ka zana bakinsa, ba za ka ga inda ya karkace ba.

Mutane kan ɗauka boko ne ya karya mu. Ba haka ba ne. An buɗe Kwalejin Katsina tun farkon shekarun 1920, kamfanin Bic ya fitar da bironsa mai arha a Faransa a 1950, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai biro da littafi kusan kowane ƙauye, amma tsangaya tana nan, allo yana fita. Abin da ya rage mana ciniki daga ɗakin amarya ya fito. Kwanon sha da na ci suka kori akushi, roba ta zo ta ƙarasa shi. Injin niƙa ya rage wa turmi aiki, ko da yake surfe da dakan fura sun hana shi mutuwa. Sai kuma kafintoci da katakon kudu, da gado da kujerun zamani.

Tare da kafintocin ne injin juya itace ya iso mana. Ba sabon abu ba ne a duniya. Akwai hotonsa a wani kabari a Masar tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har yau a kasuwar Marrakesh ta Maroko akwai masu juya itace da baka da tsirkiya, suna danne kurfi da yatsun ƙafa. Mu dai a makare muka gan shi, a rumfunan 'yan katako na Kano da Katsina, ana fitar da ƙafafun gado da na tebur. A nan aikin ya juye: itacen ne ke gudu, hannu yana tsaye. Tsofaffinmu sun raina shi, suna cewa aikin marasa ido ne. A ganina sun yi gaggawar hukunci. Wanda bai san inda jijiyar itace ta nufa ba, injin ma ba zai rufa masa asiri ba, don ƙarfen zai cafki itacen ya fasa shi, wani lokaci har ya fizge daga hannunsa.

Yin alƙalamin itace da wannan inji a Amurka da Ingila ya yi ƙarfi, inda da yawa daga masu yinsa don nishaɗi suke yi, wasu kuma sun mai da shi sana'a. Ƙungiyar masu juya itace ta Amurka ma a 1986 aka kafa ta. Aikin ya cancanci a bayyana shi dalla-dalla. Ana samun guntun itace mai kauri kamar santimita 2, tsawo kamar 13, a raba shi biyu. A huda kowanne a tsaye da abin huji, galibi mai milimita 7, a shafa gam a jikin wani siririn bututun tagulla a cusa a ciki. In ya kama, a daidaita bakunan su yi daidai da bututun, a zura su a sandar ƙarfe a ɗaura a inji. Daga nan sai yanka, a hankali, har itacen da ya rage a kan tagullar ya koma bai fi kaurin farce biyu ba a bakinsa. Nan ne ake gane mai haƙuri, don sara ɗaya na garaje ya isa ya fito da tagulla fili, aiki ya lalace. Sai guga da takardar yashi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ana tsayar da injin ana bin tsawon itacen don a share zoben da juyi ya bari. Masu son ƙyalli irin na gilashi sukan shafa gam mai saurin kamawa, shafi kan shafi, su goge. Wasu mai da kakin zuma kawai suke sa wa. Ni na fi son na biyun, don yatsa yana jin itacen, kuma man kaɗanya da kakin zuma ba sai an aiko mana daga waje ba. A ƙarshe a matse baki da maƙalin aljihu da bututun tawada.

Me ya haɗa wannan da Yasore? Girman itacen. Turmi ɗaya yana bukatar gindin ƙirya da ya shekara da yawa yana girma, irinsa kuwa ya yi wuya. Masu gawayi sun ci nasu, gonaki sun ci nasu. Madobiya ta sha sara a faɗin Afirka ta Yamma ana loda ta zuwa Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe daga farkon 2017. Abin da ya rage a cikin Rugu kuma 'yan bindiga sun shiga tsakaninmu da shi. Wanda ya san Batsari da Safana a shekarun nan ya san mutum ba ya ɗaukar gatari ya ce zai shiga daji nema. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motoci ɗauko itace daga daji cikin matakan tsaro, daga baya aka katse layukan waya a ƙananan hukumomin yankin. Masassaƙa da dama sun koma gari, wasu suna faskare, wasu acaɓa.

To, alƙalami ba ya bukatar gindi. Guntayen da muke sharewa mu ba mata su hura wuta, tsohuwar taɓaryar da ta karye, reshen kanya da iska ta kayar, duk kayan aiki ne. Taɓarya ɗaya ta ƙirya, wadda ta bushe shekara da shekaru a hannun mata, za ta ba da alƙaluma masu yawa, masu launin ja mai duhu da ba ya bukatar fenti.

Ba zan ɓoye wahalar ba. Kayan ƙarfen daga waje ake kawo su, da dala. Wuta babu, sai dai sola ko injin da ake takawa da ƙafa irin na keken ɗinki. Mai saye kuma ba ya ƙauye. Manomin da biron naira kaɗan ya ishe shi ba zai sayi na itace ba. Kasuwarsa tana wurin masu ba da kyauta a ofisoshi da bukukuwan yaye ɗalibai da walimar sauka, a Katsina da Kano da Abuja. Kuma ba zai maye gurbin kara a tsangaya ba, don rubutun allo da tawadar zuge bakin kara suke so.

Ga 'ya'yan masassaƙa da rashin tsaro ya kai birni: ku je rumfar mai injin juyi ku roƙa a koya muku, ko da shara za ku fara. Shi ya san inji, ku kun san itace, kuma naku ya fi wuyar koyo. Kafin ku tafi, ku zauna da tsofaffin da suka rage su nuna muku yadda ake bambanta ƙirya da marke ko an ɓare bawo, da yadda ake busar da kowanne.