Cire Nono Biyu: Muhawarar Amurka a Ma'aunin Damagaram

A 2013 'yar fim ɗin Amurka Angelina Jolie ta bayyana cewa an cire mata nono biyu, ba don ta kamu da sankara ba, sai don ta gaji ƙwayar halittar BRCA1 mai illa. Labarin ya ƙara wa wata ɗabi'a ƙarfi a can: mace mai sankara a nono ɗaya ta roƙi likita ya haɗa da lafiyayyen.

Binciken likitoci bai goyi bayan wannan roƙo ga yawancin mata ba. Aikin Bernard Fisher a Amurka da na Umberto Veronesi a Milan, da aka fitar da sakamakonsu na shekara 20 a 2002, sun nuna cewa idan an gano ciwon da wuri, ƙwaƙule ƙullutun a bi da gashin na'ura (radiotherapy) bai gaza cire nonon ɗungurungum ba wajen tsawon rai. Wani nazari kan matan Kalifoniya da mujallar JAMA ta buga a 2014 ya nuna cire biyun ma bai fi ba. Dalilin a fili yake: abin da ke kisa shi ne rassan da ciwon farko ya riga ya miƙa huhu, hanta ko ƙashi, kuma wuƙa ba ta kai can.

Sai dai duk wannan lissafi an gina shi ne a kan na'urar gashi. A Nijar sai a 2021 aka fara gashi a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram, kuma aikin makonni ne, kullum sai an koma. Gwamnati ta ayyana maganin sankarar mata kyauta tun 2007, amma dokar ba ta biyan kuɗin mota, masauki da abincin mai jinya. Ga kuma jinkiri. Ƙullutun da ya fito wa mai goyo akan ɗauke shi kumburin shayarwa. A kai wa wanzami ya yi tsaga, a shafa sassaƙe, sai ya fashe, kaluluwa ta cika hammata, sannan a nufi babban asibitin Damagaram. A wannan mataki maganar tsirar da nonon ta riga ta wuce.

Saboda haka idan wata mata daga Damagaram Takaya ta ce, "Likita, a cire duka in huta," hujjarta ta fi ta 'yar Kalifoniya ƙarfi, domin ita ba ta da tabbacin hoton nono duk shekara. Ya kamata a saurare ta, ita kanta, ba ta bakin miji kawai ba. Duk da haka ina ganin amsar, galibi, a'a ce. Rauni biyu ya fi ɗaya saurin ruwa, kuma duk makon da ya ƙi warkewa jinkiri ne ga allurar sankara, wadda ita ce ke bin rassan. Sannan da yawa daga masu ciwon nan suna cikin shekarun haihuwa. Nonon da ya rage zai iya shayar da jariri, a yankin da madarar gwangwani ke da tsada, ruwan dama ta ma aiki ne.

Inda roƙon ke da tushe shi ne idan ciwon ya kama duka biyun, ko idan uwa, inna da 'yan'uwa mata sun yi shi da ƙuruciya. Gwajin ƙwayar halitta ya fi ƙarfin talaka, amma tambayar tarihin dangi ko ungozoma a ɗakin awo za ta iya yin ta.