Daga Samaru Zuwa Frankfurt: Yadda Laifi Ke Komawa Kan Malamai

Ranar 23 ga Mayu, 1986, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, aka rasa rayukan ɗalibai. Tushen rikicin shi ne hukuncin da hukumar jami'a, a zamanin Farfesa Ango Abdullahi, ta yanke wa shugabannin ɗalibai bayan jerin gwanon tunawa da waɗanda aka kashe a zanga-zangar 1978. Gwamnatin Babangida ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye. Abin da ya fi shahara daga rahotonsa shi ne zargin cewa wasu malamai suna koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. Da haka magana ta tashi daga kan masu bindiga ta koma kan masu alli.

Irin wannan zargi yana da ɗan'uwa a ƙasashen Yamma, wanda ake kira Markisancin al'adu. Masu yaɗa shi, galibi 'yan ra'ayin riƙau na Amurka, suna cewa da mabiya Karl Marx suka kasa tunzura ma'aikata, sai suka ƙulla makirci a asirce don rusa addini da iyali ta hanyar jami'o'i da fina-finai. Yatsarsu na kan wata cibiyar nazarin zamantakewa da aka kafa a Frankfurt ta Jamus a 1923, wadda masananta, irin su Max Horkheimer da Theodor Adorno, suka tsere wa Hitler zuwa Amurka. Cibiyar gaskiya ce. Makircin ne ba shi da hujja. Mutanen nan marubutan littattafai masu wuyar fahimta ne, kuma Adorno kansa ya kira wa ɗalibai masu zanga-zanga 'yan sanda a 1969. Da yawansu Yahudawa ne, shi ya sa masana tarihi ke jin ƙamshin tsohuwar farfagandar 'yan Nazi a cikin labarin. Anders Breivik, wanda ya kashe mutum 77 a Norway a 2011, ya cika takardar aƙidarsa da shi.

A Zariya kuwa masu ra'ayin gurguzu ba ɓoyayyu ba ne. Dakta Yusufu Bala Usman da sunansa yake rubutu, har ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin Jihar Kaduna a mulkin PRP. Mai ƙin ra'ayinsu yana da damar mayar da martani, kuma malaman addini da 'yan boko da dama sun yi. Gwamnatin soja ba ta shiga muhawarar ba. Ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, sannan a 1988 jami'an tsaro suka ɗauke Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa haifaffen Jamaika, suka sa shi a jirgin Landan.