Shekara 25 a Can, Shekara 12 a Nan: Tarihin Motocin da Ake Tsarewa a Bakin Ruwa

Duk wanda ya san harkar mota a nan Agege ya san in aka ce mota 'yar Amurka ce, to ciniki ya yi rabi. Daga can Camry da Accord da Sienna da suka cika layukanmu suke fitowa: a saya a gwanjo, a loda a jirgi, a sauke a Tin Can ko Apapa. Shi ya sa da yawanmu muka ɗauka Amurka ƙasa ce da kowace irin mota ke shiga ta fita yadda ta ga dama. Ƙofar fita dai a buɗe take, amma ta shiga tana cikin mafi tsauri a duniya. Ba'amurke da kuɗinsa a hannu, in ya yi sha'awar wata mota a Japan ko Jamus wadda ba don kasuwarsu aka ƙera ta ba, sai ya jira ta cika shekara 25 cif kafin a bar ta ta taka titi. Ya kamata mu san tarihin wannan doka, mu da muke cin abinci da mota, musamman yanzu da samarinmu suka fara nuna mana hotunan irin waɗannan motoci a waya suna tambayar nawa za a kashe a shigo da su.

Maganar ta faro ne a 1966, lokacin da majalisar Amurka ta yi dokar kare lafiyar masu shiga mota, wadda ƙa'idojinta suka fara hawa kan motocin 1968. Daga nan Amurka ta kama hanyarta daban da ta Turai. Irin fitilar da ta yarda da ita daban, bamba mai kauri da za ta jure ƙaramin karo daban, ga kuma ƙa'idar hayaƙi da aka tsananta a 1970. Kamfanin da ke son sayar da mota a can dole ya ƙera musu tasu ta musamman, kuma sau da yawa tasun ta fi nauyi, ta fi tsada, injinta kuma an shaƙe shi saboda hayaƙi. Ku ɗauki Marsandi. A 1981 babbar motar da dilolin Mercedes ke sayarwa a Amurka ita ce 380 SEL, alhali a Jamus ga yayarta 500 SEL nan, mai inji lita 5, wadda ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Mai kuɗi ya san da zamanta, dila kuma ya ce masa babu.

Sai dala ta yi tashin gwauron zabi. A farkon 1985 dala 1 ta haura mak 3 na Jamus. Mutum sai ya hau jirgi ya tafi Jamus, ya sayi motar da ransa ke so, ya biya kuɗin jirgin ruwa, ya kai ta gareji a sauya fitila da bamba a sa mata abin tace hayaƙi, duk da haka da sauran canji a aljihunsa in aka kwatanta da farashin dila. Turawa suka sa wa wannan harka suna kasuwa mai ruwan toka, wato tsakanin fari da baƙi: ba fasa-ƙwauri ba ce, tunda an biya kwastan, amma ba ta hannun wakilin kamfani ta biyo ba. Daga motoci ƙalilan a farkon shekarun 1980, a 1985 kaɗai sama da mota 60,000 suka shiga ta wannan hanya, akasarinsu Mercedes da BMW da Porsche.

Mu da muka san dillanci ba sai an gaya mana abin da ya biyo baya ba. Dila ya kashe kuɗi ya gina shago, ya ajiye makanikai da kayan gyara, sai ga wani da ba shi da ko rumfa yana kwashe masa masu saye. Reshen Mercedes na Amurka shi ya ja gaba wajen zarya a majalisa. Hujjarsu ita ce lafiyar jama'a, kuma a yi adalci, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don wasu garejin aikin sha-yanzu-magani-yanzu suke yi, takarda ta ce an gyara, mota kuwa tana nan yadda ta zo. Amma wanda ya fi kowa ihun a kashe wuta, galibi rumbunsa ne a kusa. A 1988 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a sabuwar doka, ta fara aiki a 1990. Daga ranar, motar da ba a ƙera bisa ƙa'idar Amurka ba, ba mai shigo da ita sai kamfani mai rajista da gwamnati, kuma sai an tabbatar irin motar za ta iya cika ƙa'ida. In babu makamanciyarta a kasuwar Amurka, tabbatarwar kan kai ga a sayi wasu irinta a maka su da bango don gwaji. Wa zai sayi mota 3 ya farfasa don ya hau 1? Kasuwar ta mutu murus. Kafa guda aka bari, ita ce motar da ta kai shekara 25, don a lissafinsu ta zama kayan tarihi, ba za ta tare wa dila ciniki ba.

Dokar ba ta san mai kuɗi ba, aƙalla da farko. Bill Gates na Microsoft ya sayi Porsche 959, motar da 'yan ɗaruruwa kawai aka ƙera, kamfanin kuma ya ƙi ba da ko ɗaya a fasa don gwaji. Shekara 13 tana hannun kwastan. Sai da shi da wasu attajirai suka matsa aka buɗe wata 'yar taga a 1999: motar da aka yarda tana da muhimmanci na tarihi ko na fasaha za ta iya shiga, da sharaɗin kada ta wuce mil 2,500 a shekara, kusan kilomita 4,000 ke nan. Zuwa Kano da dawowa sau 2, an cinye rabon shekara.

Motar da ta sa duniya ta san wannan doka kuwa 'yar Japan ce, ita ce wadda samarin namu ke nuna mana: Nissan Skyline GT-R. Samfurin da ake kira R32 ya fito a watan Agusta 1989, wato kusan shekara guda bayan an sa hannu a dokar rufe ƙofa. Injinta lita 2.6 ne mai silinda 6 da turbo 2, kuma ƙafa 4 take ja. A takarda an rubuta ƙarfin doki 280, saboda kamfanonin Japan sun yi yarjejeniya a tsakaninsu ba mai tallan abin da ya wuce haka, amma makanikai sun gano injin yana ɗaukar ninkin wannan in an taɓa shi. A gasar tseren motoci ta Japan, daga 1990 zuwa 1993, ta shiga tsere 29 ta ci 29. A Ostareliya ta lashe babban tseren Bathurst a 1991 da 1992, 'yan jaridar can suka laƙaba mata Godzilla, sunan dodon finafinan Japan. Duk wannan, Nissan ba ta kai ko ɗaya shagunanta na Amurka ba. Sitiyarinta a dama yake, don Japan hannun hagu suke tuƙi kamar Ingila.

Da ba don wasa da fim ba, da wataƙila labarin ya tsaya a Japan. A 1997 wasan kwamfuta na Gran Turismo ya fito, yaran Amurka suka yi ta tuƙa Skyline a talabijin. A 2003 marigayi Paul Walker ya hau samfurin R34 a fim na 2 na Fast and Furious, wanda mu ma mun sha kallonsa a gidajen kallo na unguwar nan. Abin da aka hana shi ke daɗa shiga rai. Wani kamfani a Kalifoniya ya yi ta maza ya fasa motoci don gwaji, ya samu izini a 1999, amma daga baya hukuma ta gano ba duk motocin aka yi wa gyaran da aka yi alkawari ba, a 2006 ta janye izinin ga yawancin samfuran. Wasu suka koma dabara: a kwance mota a shigo da ita a matsayin kayan gyara a sake haɗawa, ko a cire lambar jikin tsohuwar mota a manna wa sabuwa. Wannan dabara ta ƙarshe ta fi yawa a kan Land Rover Defender, wadda aka daina sayarwa a Amurka bayan 1997 amma siffarta ba ta cika sauyawa ba, ta yadda sabuwa za ta iya shiga rigar tsohuwa. Hukuncin can ba tara ba ce a biya a wuce. A 2013 kwastan ɗin Amurka suka sa ƙugiya ta murƙushe wata Defender da aka kama a tashar Baltimore, suka ɗauki bidiyo suka watsa don kowa ya gani.

Shekara 25 ɗin daga watan da aka ƙera mota ake ƙirgawa. Don haka ranar 1 ga Agusta 2014 R32 ta farko ta halatta, akwai ma waɗanda suka riga suka saya suka ajiye a Kanada, inda shekara 15 kawai ake jira, suna dakon ranar. R34 ta 1999 ta bi sahu a 2024. Abin da wannan ya yi wa farashi sai wanda ya gani. Motar da matashi ɗan Japan ke iya saye da albashinsa ta koma ta attajirai, ana sayenta tun da sauran shekaru a ajiye a sito a Japan ana biyan haya. R34 mai lafiya yanzu tana haura dala 100,000, wadda Paul Walker ya hau a fim na 4 kuwa an sayar da ita sama da dala miliyan 1 a 2023.

To, mu dawo gida. Tamu ƙofar an fara saita ta ne ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, da Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu da muka gada daga Ingila ta koma dama. Dattawanmu da suka yi lodin goro da shanu tsakanin nan da Arewa suna tuna canjin hannu sarai. Dalilin a fili yake: Nijar da Cadi da Kamaru da Dahomi, wadda yanzu ita ce Benin, duk dama suke bi. Gana ta biyo baya a 1974. Tun daga nan motar da ta dace da titinmu ita ce mai sitiyari a hagu, kuma wannan ne ya juya fuskarmu zuwa Turai da Amurka. Kenya da Tanzaniya da Yuganda da ba su sauya hannu ba, su ne gwanjon Japan ke kwarara gare su har gobe.

A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, Volkswagen kuma a Ojo kan hanyar Badagry, inda har yau 'yan kwandasta ke kiran tashar da sunan kamfanin. A lokacin ma'aikaci na iya cin bashi ya sayi sabuwa dal. Da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu a 1986 naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari kowa, sai gwanjon Turai ya cike gurbi. Maƙwabtanmu Yarbawa suka ce tokunbo, wato abin da ya zo daga ƙetaren teku, mu muka ce 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano, don ta Kwatano aka fi sauke su a biyo Seme ko Idiroko. Direbobi nawa daga unguwar nan suka yi gida da kuɗin kai mota Kano da Sakkwato, Allah kaɗai ya sani. Ku lura, daidai shekarun da Amurka ke kashe kasuwarta mai ruwan toka, a shekarun tamu ta kafu, har ta zama ita ce kasuwar. Sienna da ake ƙerawa a jihar Indiana don iyalan Amurka, ai ba ta shagon wakilin kamfani ta zo ta zama motar hayar Legas zuwa Abuja ba.

Mu ma an sha gwada rufe ƙofar, kuma da hujja irin ta can: a kare masu haɗa mota a gida, a kare lafiyar jama'a. A 2013 gwamnatin Jonathan ta fito da tsarin da ya kai harajin ƙaramar mota kashi 70 cikin 100, wato 35 kuɗin fito, 35 ƙari. Ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa gaba ɗaya, abin da ya taɓa tukunyar gidaje da yawa a nan. Sai dai ma'aunin shekaru namu a juye yake da na Amurka. Su suna cewa sai ta tsufa za ta shiga, mu muna cewa in ta tsufa ba za ta shiga ba. An daɗe a kan shekara 15, a 2022 kwastan suka mayar 12.

Saboda haka ga amsar samarinmu. Skyline R34 ta ƙarshe a 2002 aka ƙera ta, ke nan mafi ƙuruciya a cikinsu ta wuce ƙa'idar shekarunmu da nisa. Ko da a ce shekarun sun yi, sitiyarinta na dama, kuma ƙa'idojin hanya na ƙasa sun hana yi wa irinta rajista, hukumar kiyaye haɗurra ta sha nanata haka. Wani zai ce ai ana juya sitiyari a Ladipo. Ana yi, mun gani, amma a mota mai gudu irin wannan a yanke a yi walda a sandar sitiyari da layin birki, wasa da rai ne, kuma ranar da aka juya ta darajar da ta sa ake rububinta ta tafi, don masu biyan dala 100,000 yadda ta fito daga Japan suke so. Ga kuma man da injin ke buƙata, ga ƙasanta da ke kusa da titi, ga ramukan da muka sani bayan damina. Wanda duk ya ce a tura masa kafin alƙalami zai fito da ita daga Tin Can da cikakkun takardu, a tambaye shi ta wace ƙofa.

Mai son sunan GT-R ido rufe, akwai ƙanwarta R35, wadda Nissan ta fara sayarwa a Amurka a 2008 da sitiyari a hagu. Tana fitowa a gwanjon da muke sayen Camry, kuma wadda ba ta haura shekara 12 ba tana iya shigowa ta ruwa a biya mata fito kamar kowace mota.