Ɗakin Kiɗan da Aka Hana Tafi

A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya an yi wani gwanin tsara kiɗa, sunansa Arnold Schoenberg. Kiɗansa baƙo ne, kunnen mutane bai saba da irinsa ba. Ran 31 ga Maris 1913, ana cikin kaɗa nasa da na almajiransa, sai 'yan kallo suka ɓarke da ihu da dambe, taro ya watse ba a gama ba.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare, cikin 1918, sai ya kafa jam'iyyar masu son jin sabon kiɗa, almajiransa Berg da Webern suna taimakonsa. Dokokinta masu tsanani ne. Ba mai shiga sai ɗan jam'iyya. An hana tafi, an hana ihu, an hana masu suka a jarida. Ba a faɗin abin da za a kaɗa tun da wuri, don kada mutum ya zaɓi sananne ya guje wa baƙo. Kiɗa mai wuya kuwa a kan maimaita shi wata rana har kunne ya kama. Shi kansa Schoenberg bai yarda an kaɗa nasa ba sai 1920.

Sun yi zama 117. Amma cikin 1921 kuɗin ƙasar ya lalace ƙwarai. Suka kaɗa kiɗan rawa na Strauss, suka yi gwanjon takardun don su sami abin riƙe jam'iyyar, duk da haka bai isa ba. Ƙarshen shekarar nan ta rushe.