Ganga Ta Riga Baki: Waiwaye a Kan Asalin Kiɗan Hip-Hop

Duk wanda ya saurari kiɗan nan na hip-hop, wanda a Hausance aka laƙaba wa suna gambarar zamani, abin da zai fara dukan kunnensa shi ne bakin mawaƙi, yana zubo magana kamar ruwan sama a kan kwano, yana wasa kansa, yana yi wa abokan hamayya zambo. Wannan ne ya sa da yawa daga cikinmu suka ɗauka da baki abin ya fara. Tarihi kuwa bai goyi bayan wannan zato ba. A wannan maƙala za mu bi sawun kiɗan har ɗakin da aka haife shi, domin mu nuna cewa ganga ce ta riga baki, kuma ita gangar ma ta aro ce, an ciro ta ne daga tsofaffin fayafayen da wasu makaɗa suka buga tun ba a san za a yi wani abu wai shi hip-hop ba. Mai aro kuwa ba ya rasa bashi a wuyansa, don haka tilas mu tambaya ko an biya.

Bronx ɗaya ce daga cikin gundumomi biyar na birnin Niyok a ƙasar Amurka. Tun daga 1948 aka fara ratsa ta da wata katafariyar hanyar mota a ƙarƙashin jagorancin Robert Moses, aikin da ya rushe muhallin dubban iyalai, ya kuma raba unguwanni gida biyu. Masu hali suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka koma bayan gari, masana'antu suka bi su, aka bar baƙar fata da 'yan Puerto Rico da baƙin da suka zo daga tsibiran Karibiyan. Da aka shiga shekarun 1970, wasu masu gidajen haya suka lura kuɗin inshora ya fi musu kuɗin hayar talaka auki, sai gobara ta zama ruwan dare a kudancin gundumar, a daidai lokacin da hukumar birnin ke rufe wasu tashoshin kashe gobara don tsimin kuɗi. A irin wannan kango ne yaran da za mu yi magana a kansu suka tashi, ba su da kuɗin shiga manyan gidajen rawa na Manhattan, balle na sayen kayan kiɗa. Abin da suke da shi a gida shi ne garmaho da tarin fayafayen iyayensu.

Ranar 11 ga Agusta, 1973, wata yarinya mai suna Cindy Campbell ta shirya ɗan biki a ɗakin taro na benen da suke haya, mai lamba 1520 a titin Sedgwick, don ta tara kuɗin sayen tufafin komawa makaranta. 'Yan mata suka biya santi 25, samari santi 50. Wanta Clive, saurayi ɗan shekara 18 wanda aka haifa a Kingston ta Jamaika, ya zo Amurka a 1967, shi ne ya zauna a kan garmaho. Saboda girman jikinsa abokai suke kiransa Hercules, shi kuma ya gajarta sunan ya koma Kool Herc. Wannan rana ita aka tsayar a matsayin ranar haihuwar hip-hop, ko da yake mun san al'ada ba ta faɗowa daga sama a dare ɗaya, kuma akwai wasu masu sa faifai a Brooklyn da Harlem da ke nasu ƙoƙarin a wannan zamani.

Abin da ya fifita Herc shi ne lura. Ya ga cewa a kowane faifai akwai wata 'yar gaɓa inda mawaƙi yake yin shiru, masu busa da masu garaya su dakata, a bar mai ganga shi kaɗai na 'yan daƙiƙu, kuma a nan ne fili yake rikicewa, gwanayen rawa su faɗo tsakiya. Matsalar ita ce kafin a ce kwabo gaɓar ta wuce. Sai ya sayi faifai iri ɗaya guda biyu, ya ɗora su a kan garmaho biyu, idan gaɓar ta ƙare a na dama sai ya sako ta a na hagu, kafin ita ma ta ƙare ya mayar da allurar na dama baya. Da haka kiɗan daƙiƙa goma ya zama na minti biyar. Wannan dabara ita ce harsashin ginin baki ɗaya, kuma ya kamata mai karatu ya lura cewa babu ko sabon sauti guda da aka ƙago a cikinta. Kunne ne ya zaɓa, hannu ya maimaita. Har jiƙa fayafayensa Herc yake yi a ruwa ya ɓare takardar da ke ɗauke da sunansu, don kada abokan gasa su leƙo su gane inda yake samo gangunansa.

To, waɗanne fayafaye ne? Na farko dai na James Brown, wanda tun daga wajen 1965 ya karkata kiɗansa zuwa salon da ake kira fonk, inda ake ɗora nauyi a kan bugun farko na kowane zagaye, a kuma mayar da kowane kayan kiɗa tamkar ganga. Amma kwandon Herc bai san ƙabila ba. A ciki akwai “The Mexican” na wata ƙungiyar Turawan Ingila mai suna Babe Ruth, da “Scorpio” na Dennis Coffey, Bature mai kaɗa gita a Detroit. Mafi ban mamaki shi ne “Apache”. Wani Bature, Jerry Lordan, ya tsara shi, ƙungiyar Shadows ta yi tashe da shi a Ingila a 1960, sannan a 1973 wasu makaɗan haya da aka tara a ƙarƙashin sunan Incredible Bongo Band suka sake buga shi da ganguna masu yawa, cikinsu har da King Errisson ɗan tsibirin Bahamas. Faifan bai yi wata kasuwa ba, yana neman ɓacewa ne Herc ya tsinto shi, ya zama kamar taken ƙasa ga yaran Bronx.

Dabarar Herc tana da gargada, domin da ido yake sauke allura, wani lokaci bugun ya kauce. Wanda ya goge ta shi ne Joseph Saddler, wato Grandmaster Flash, haifaffen Barbados, wanda ya koyi aikin lantarki a makarantar koyon sana'a. Shi ne ya riƙa yi wa faifai alama da alli mai launi, yana sauraren garmaho na biyu a ɓoye ta abin sawa a kunne, yana juya faifan baya da yatsa yana ƙirga zagaye, har haɗin ya zama ba a jin ɗinkinsa. Wani yaro kuma, Grand Wizzard Theodore, shi ake jingina wa salon nan na goga faifai gaba da baya a ƙarƙashin allura. A hannun waɗannan samari garmaho ya tashi daga abin sauraren kiɗa ya zama abin kaɗawa.

Sai yanzu muka iso ga baki. A farkon al'amari mai magana yaron mai garmaho ne kawai. Coke La Rock, abokin Herc, yakan riƙe abin magana ya ambaci sunayen waɗanda suka halarta, ya zuga masu rawa, ya sanar da wanda mahaifiyarsa ke nema a bakin ƙofa, aikin da duk wanda ya taɓa ganin sanƙira a wurin biki zai gane shi. Sannu a hankali 'yan kalmomin suka sami amsa-amo, suka tsawaita suka zama baitoci, a hannun irin su Melle Mel da Keith Cowboy da Grandmaster Caz. Shi Cowboy ne ma ake ba da labarin cewa ya fara furta kalmomin hip da hop yana kwaikwayon takun maci, don ya tsokani abokinsa da ya shiga soja.

Ita wannan magana a kan kiɗa tana da jijiyoyi da dama. Ta Jamaika ita aka fi ambata. Tun shekarun 1950 mutane irin su Duke Reid da Coxsone Dodd suke kafa manyan lasifikoki a filayen Kingston, Count Machuki kuma yana zuba zance a kan faifai, kafin U-Roy ya mayar da abin sana'ar faifai a 1970. Herc ya ga irin waɗannan tarurruka yana yaro, kuma son lasifika mai girgiza ƙasa daga can ya zo da shi. Sai dai akwai abubuwa biyu da ke hana mu rufe zancen a nan. Na ɗaya, shi kansa Herc ya taɓa musanta cewa daga Jamaika maganar ta fito, ya ce 'yan Bronx ba su karɓi rege ba a lokacin, ya kuma nuna James Brown da faifan “Hustlers Convention” na 1973 a matsayin madubinsa. Na biyu, su Machuki ɗin ma masu gabatar da shirye-shirye na gidajen rediyon baƙar fatar Amurka suke kwaikwayo, waɗanda ke gabatar da faifai da zance mai amsa-amo. Ashe ke nan kayan gida ne suka yi yawon teku suka dawo da sabuwar riga.

A cikin Amurka kuwa al'adar ta daɗe. Akwai ba-ni-in-ba-ka na waƙoƙin aikin gona tun zamanin bauta, da salon masu wa'azin coci waɗanda ke hawa da sauka tsakanin magana da rerawa. Akwai wasan gugar zana da samari ke yi a bakin titi, kowa yana muzanta ɗan'uwansa har wani ya rasa ta cewa, da dogayen labarai masu amsa-amo da ake yi a gidajen yari da shagunan aski. Muhammad Ali ya kai wasa kai da baitoci gaban duniya a shekarun 1960. Pigmeat Markham, ɗan barkwanci, ya fitar da “Here Comes the Judge” a 1968, wanda in aka sa wa yaron yau zai rantse gambarar zamani ce. A wannan shekara ce kuma aka kafa ƙungiyar Last Poets a Harlem, ranar 19 ga Mayu, wadda ta dace da ranar haihuwar Malcolm X, suna karanta waƙoƙin siyasa a kan ganga zalla, Gil Scott-Heron kuma ya biyo da nasa a 1970.

Ina Afirka a cikin wannan lissafi? An sha faɗa cewa mawaƙin hip-hop jikan maroƙan fadar Afirka ta Yamma ne, kuma Bahaushe da ya san kirarin mafarauta da 'yan tauri, ya san zambo da habaicin 'yan gambara a kasuwa, ba zai ji maganar baƙuwa ba. Henry Louis Gates, a littafinsa na 1988, ya yi ƙoƙarin danganta wayon biri na labaran baƙar fatar Amurka da Eshu na Yarabawa. Mu dai a namu ganin, dangantakar tana nan, amma ta jini ce mai nisa, wadda ta ratsa ta cikin jirgin bayi da gonar auduga da coci da gidan rediyo, kowane zango yana sauya mata kama. Wanda ya tsallake waɗannan zangogi ya ce kai tsaye daga fadar sarki aka ɗauko abin, ya tauye haƙƙin zuriyoyin da suka riƙe shi cikin wahala, ya kuma tauye na yaran da suka ƙera sabon abu da shi.

Shekara shida kiɗan ya yi ba faifai, sai kaset da ake naɗa a wurin biki ana sayarwa hannu da hannu. A 1979 Sylvia Robinson, mai kamfanin Sugar Hill a New Jersey, ta tara samari uku da ba a san su a fagen Bronx ba, ta sa makaɗa suka kwaikwayi kiɗan “Good Times” na ƙungiyar disko ta Chic, aka fitar da “Rapper's Delight” mai tsawon kusan minti 15. Faifan ya zaga duniya, kuma tun a kansa rigimar bashi ta kunno kai. Nile Rodgers da Bernard Edwards, masu kiɗan na asali, suka yi barazanar zuwa kotu, aka sa sunansu. Grandmaster Caz kuwa, wanda Big Bank Hank ya rera baitocinsa a faifan har da laƙabinsa a ciki, bai ga sunansa ba, bai ga ko sisi ba. Daga nan ne kuma ma'auni ya juya, mai baki ya koma gaba, mai garmaho ya koma baya. A “The Message” na 1982, wanda ya bayyana ƙuncin unguwa ƙarara, sunan Flash ne a gaba, alhali hannunsa bai taɓa kiɗan ba.

Da na'urorin yanko sauti suka yi araha a ƙarshen shekarun 1980, aka koma wa dabarar Herc ta hanyar inji, aka shiga tsofaffin fayafaye da wawaso, har sai da wani alƙali a Niyok ya yanke hukunci a 1991 a ƙarar da Gilbert O'Sullivan ya kai Biz Markie, cewa yanko sauti ba da izini ba sata ce. Tun daga lokacin ake biya. Amma doka marubucin waƙa ta sani da mai kamfanin faifai, shi kuwa mai ganga ɗan ƙwadago ne da aka sallama tun ranar da ya buga. Gregory Coleman na ƙungiyar Winstons ya buga wata gaɓa ta kimanin daƙiƙa bakwai a faifan “Amen, Brother” a 1969, wadda daga baya ta shiga dubban waƙoƙi, ya mutu a 2006 cikin talauci bai ci komai daga gare ta ba. Clyde Stubblefield, mai gangar James Brown, shi ya buga gaɓar “Funky Drummer” a wannan shekara ta 1969, wadda Public Enemy da ɗaruruwan mawaƙa suka hau kanta, amma sunan Brown ne kaɗai a kan faifan. Da ciwo ya kwantar da shi ba shi da inshorar lafiya, mawaƙi Prince ne ya biya masa wani kaso mai tsoka na kuɗin asibiti a ɓoye, abin da ba a bayyana ba sai bayan mutuwar Prince a 2016. Stubblefield ya bi shi a watan Fabrairun 2017, saura shekara shida a yi bikin cikar hip-hop shekara 50.