Tsirkiya da Baka a Tarihin Ƙasar Zamfara

Idan aka bi yadda ake ba da labarin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa, sai a ga doki ne ya cinye filin duka. Ana ambaton barade, da 'yan lifidi, da 'yan sulke, har a kan riƙe sunayen dawakin wasu sarakuna. Dakaren da ya tako a ƙasa da kwari da baka kuwa, ba safai ake waiwayarsa ba, balle a kai ga igiyar da ke ɗaure a bakan nasa. Ga shi kuwa igiyar nan, wato tsirkiya, wasu kuma su ce tsarkiya, ita ce ran makamin. In ta tsinke, baka ya koma sanda, kibiya ta koma kara. Tarihin yammacin Zamfara, inda Anka da Gummi da Bukkuyum suke, ya nuna cewa sanin yadda ake kula da ita ilmi ne da ya zauna a hannun talaka, kuma ya taɓa juya al'amuran sarauta.

Bakan ƙasar Hausa itace ne guda, tsawonsa wajen ƙafa 5, ana sassaƙa shi daga itace mai ƙarfi da dawowa, irin su dargaza da ɗunɗu. Kibiyarsa gajera ce, ba ta cika wuce ƙafa 2 ba, jikinta kyauro ne, ba a yi mata gashin tsuntsu a gindi, kanta kuma ƙarfe ne mai kunnuwa wanda maƙera ke ƙerawa. Ƙarfinta ba a nauyi yake ba, a dafi yake, wanda kwankwani ne uwarsa. Wannan ya bambanta da bakan Turkawa da Mangol, wanda ake haɗawa da ƙaho da jijiya da itace da danko, aka kuma tanƙwaro kawunansa biyu zuwa gaba don ya ƙara ƙarfin harbi. Shi wancan kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin gwani ya gama shi, don haka kayan mai hali ne. Na ƙasar Hausa kuwa daji ne kasuwarsa.

Ita tsirkiya daga fata ake samunta. A kan feƙe ƙiri siriri, a jiƙa shi, a murɗa, a ɗaure shi a miƙe har ya bushe. Daga nan wahalarta ta fara, domin fata, ko bayan an rabu da dabbar, ba ta daina jin yanayi ba. Da damina ta kan sha laima ta saki, ta ƙara tsawo, sai a ja baka a ji shi lakwas, kibiya ta faɗi kusa. Da hunturu kuma ta kan bushe ta ƙandare, ta fara tsattsagewa a wuraren da ta fi shan wuya, wato inda aka ɗaura ta a kawunan baka da kuma tsakiya inda gindin kibiya ke zama. Maganin duka biyun maiko ne, man kaɗe ko kitse, a shafa a murza da yatsu har ya ratsa. Kada ya yi yawa, don in ya yi yawa ƙura da yashi za su manne, su riƙa cin fatar a hankali. Haka kuma ba a barin baka a ɗane in ba aiki za a yi da shi ba. A kan sassauta shi, domin itacen da ya daɗe a tanƙware ya kan saba da tanƙwarar, ya daina dawowa. Gara da ɓera su ma abokan gaba ne, shi ya sa rataye baka ake yi, ba a jingine shi a ƙasa. Maharbin kirki ba ya fita da tsirkiya ɗaya, kuma ta biyun sai wadda aka riga aka ɗana ta saba, don sabuwa ta kan yi ta miƙewa kwana da kwanaki. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan damuwa ba ta tsaya ga ƙasar Hausa ba. Marubutan tarihin Turai sun ruwaito cewa a yaƙin Kiresi na 1346, tsakanin Ingila da Faransa, ruwa ya sauko gab da karawa, sai maharban Ingila suka kwance tsirkiyoyinsu suka ɓoye cikin huluna, na ɓangaren Faransa kuwa nasu suka jiƙe. Ingila ce ta yi nasara ran nan.

Akwai kuma batun ƙara, kuma a nan ne mayaƙi da mafarauci suka rabu. Duk lokacin da aka saki tsirkiya, ƙarfin da bai bi kibiya ba ya kan tsaya a jikin baka, tsirkiya ta yi ta kaɗawa tana amo. A fagen fama wannan ba kome ba ne, ga tambura, ga kururuwa, ga haniniyar dawaki. A daji kuwa shi ne bambancin komawa gida da nama da komawa hannu rabbana. Dalili kuwa na lissafi ne. Sauti ya kan ci wajen ƙafa 1,100 a daƙiƙa ɗaya, kibiyar bakan itace kuwa wajen ƙafa 150. Ke nan in barewa tana nesa da yadi 30, amon tsirkiya zai isa kunnenta kafin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya cika, kibiya kuwa sai ta yi fiye da rabin daƙiƙa a hanya. Wannan tazara ta ishi barewa ko gada ta durƙusa ta zabura. Mutum ya ɓata rabin yini yana sanɗa, ya ɗaura kan burtu a goshi, yana rarrafe yana sassaƙar ƙasa kamar tsuntsun, ya lura da inda iska ke kaɗawa, sa'an nan igiyar hannunsa ta tona masa asiri.

Hanyoyin rage amon ba su da yawa. Tsirkiyar da ta sha mai ta fi busasshiya shiru. Wadda aka ɗaure daidai, ba ta saki har tana marin itace ko hannu ba, ba ta kuma ɗame fiye da kima ba, ita ma haka. Kibiya mai ɗan nauyi ta kan kwashe yawancin ƙarfin ta tafi da shi, ta bar kaɗan a baya. Maharba a ƙasashe da dama kuma su kan ɗaura ɗan tuntun gashin dabba ko guntun fata mai laushi a jikin tsirkiya, kusa da kawunan baka, don ya shanye kaɗawar. Bakan da kawunansa suka tanƙwaro, irin na Turkawa, ya fi kowane surutu, saboda tsirkiyarsa ta kan dawo ta bugi jikinsa, har sai an yi masa ɗan matashi a wurin. Miƙaƙƙen baka na ƙasar Hausa ya tsira daga wannan, kuma tsirkiyar fata, saboda kaurinta da laushinta, ba ta da amo mai kaifi. Abin da ya rasa wajen nisan harbi ya same shi wajen shiru, dafi kuma ya cike sauran.

To, su wane ne ke riƙe da wannan sani? Ba fadawa ba ne. Mafarautan dazuzzukan da ke tsakanin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka ne, da Fulani makiyaya masu kare garke daga kura da zaki da ɓarawo, da manoman da ke fita farauta in an gama kaka. Doki kuwa sai an saya da tsada, a ciyar da shi dawa, a ajiye masa mai kula. Saboda haka sarakuna suka mallaki doki, amma ba su taɓa mallakar baka ba. Iyaka dai su naɗa Sarkin Baka, ya zama idonsu a cikin maharba.

Amfanin wannan ya fito fili a farkon ƙarni na 19. Tun wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, sarautar Zamfara ta watse, ta yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, tana neman wurin zama. A cikin wannan hali ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shiga ƙasar, ya yi wajen shekara 5 yana wa'azi tun daga wajen 1786, ya kuwa sami mabiya da yawa. Da al'amura suka ɓaci tsakaninsa da Gobir, ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Ran 21 ga Yuni na shekarar aka haɗu a Tafkin Kwatto. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki da 'yan lifidi da Buzaye. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu ba su wuce 20 ba, kamar yadda Muhammadu Bello ya bayyana a cikin Infaƙul Maisuri. Sauran duk a ƙasa suke, kuma 'yan baka ne suka tsaya suka tare sukuwar Gobirawa har ta karye.

Abin lura a nan shi ne watan da aka yi yaƙin. Yuni farkon damina ne, lokacin da tsirkiyar fata ke fara sakin jiki. Sarakuna sun fi son fita yaƙi bayan kaka, saboda noma da cikar gulabe da lafiyar dawaki, kuma rani ya fi dacewa da baka shi ma. Mutanen Gudu ba su sami zaɓen lokaci ba. Waɗanda suka tsaya ran nan mutane ne da suka saba riƙe baka rani da damina, suka san yadda ake kare tsirkiya daga raɓar asuba. Ba a ce wannan kaɗai ya ba da nasara ba, don akwai imani, akwai kuma iya tsara runduna. Amma da kibau sun riƙa faɗuwa gaban dawaki, da labarin ya zama wani.

A 1805 jama'ar ta sauka a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara, daga can aka tashi aka ci Birnin Kabi. Zaman bai yi daɗi ba, domin yunwa ta sa mayaƙa sun taɓa rumbunan masu masauki, Zamfarawa da yawa suka juya baya, kibau suka koma tashi ta fuska biyu. Bayan an ci Alƙalawa a 1808 ƙura ta fara lafawa, daga bisani Sarkin Zamfara ya zauna a Anka a ƙarƙashin Sakkwato, Gummi tana da Sarkin Mafara, Bukkuyum tana da Sarkin Danko. Garuruwan duk sun dogara ga ganuwa ne, ganuwa kuwa ba doki ke tsaronta ba, ɗan baka ne a bayan katanga. Bindiga ta shigo, amma ba ta yawaita ba sai can ƙarshen ƙarnin, ita ma kuwa albarushinta ba ya shiri da ruwa, ɗurinta kuma ya fi ɗana kibiya cin lokaci nesa ba kusa ba.

Bindiga mai ruwa ce ta kawo ƙarshen zamanin. A 1903 aka ci Kano, aka kara a Kwatarkwashi cikin ƙasar Zamfara, ran 15 ga Maris kuma Sakkwato ta faɗi. Duk da haka, a Burmi, ran 27 ga Yuli, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Mash, wanda ya jagoranci sojan Turawa.

Daga nan baka ya koma daji inda ya fito. Can ma bindigar toka ta ƙwace masa wuri sannu a hankali, namun dajin suka ragu, dokokin farauta suka zo. A shekarun baya-bayan nan kuwa dazuzzukan Anka da Bukkuyum sun faɗa hannun 'yan bindiga, har shiga farauta ta zama kasada. Sarautar Sarkin Baka tana nan a garuruwa da yawa, amma mutanensa sun fi rataya bindiga. Bakan shiɓa, wanda mata ke kaɗa auduga da shi, ya bi sahun kaɗi da saƙa ya yi ƙaranci. Kalmar tsirkiya ta fi yawo yanzu a bakin makaɗan garaya da gurmi da molo, waɗanda ke ɗame ta don ta yi amo, kuma da yawansu sun bar fata da jijiya sun koma ga igiyar roba irin ta masunta.